Takardun da Na Manna da Tuwo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa har na fara neman ɗankwalina alhali yana kaina, da daminar da ƙanena Sanusi ya kawo mini ajiyar kwamfutoci bakwai.

Ni dai mace ce ta gida. Aji uku na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, abin da na fito da shi bai wuce baƙaƙe kaɗan da tsoron mushe, wato malamin aji, ba. Amma in ana zancen gyaran ɗaki, to nan kam ko a Birnin Konni a kira ni. Kwanukana a jere suke cikin kabad, babba a ƙasa, ƙarami a sama, kowanne yana ɗaukar ido. Ban iya ganin datti in wuce shi ba (maigida yana cewa da za a bar ni da jakin maƙwabta sai na yi masa wanka). Wannan halin nawa da nake taƙama da shi, shi ya kai ni ya baro.

Sanusi yana da ɗan shago kusa da tasha, yana gyaran wayoyi da kwamfutoci. A wannan shekarar ya samu aiki daga wata kwaleji ta wajen Malbaza. Malamansu suna da tsofaffin kwamfutoci irin na ɗauka a jaka, waɗanda wata ƙungiya ta raba musu tun da daɗewa, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya kamar uwa ɗaya ta haife su. Sun tsufa, in ka kunna ɗaya sai ka je ka dama kunu ka dawo ba ta gama farkawa ba. Aka ce ya sa musu sabon sistem. Yadda ya yi mini bayani, sabon sistem in zai shiga, share ɗaki yake yi tas, ba ya barin ko tsinke. Saboda haka kafin a sa shi, sai an kwashe duk abin da ke cikin kowace kwamfuta an adana a wani wuri.

To rufin shagonsa yoyo yake, ruwa kuma ya sauka a makon nan kamar da gayya. Sai ga shi da kwali biyu, ya baje mini su a falo, kan tabarma.

Shida ya riga ya kwashe kayan cikinsu. Ta bakwai mai ita ce ta kawo ta da kanta, wata Madam Rakiya, dattijuwa mai tabarau, ta naɗe ta cikin leda da zani kamar jinjiri. Ta buɗe ta nuna wa Sanusi wani abu a ciki, ni ina kicin ina haɗa mata shayi. Ashe littafin jarabawa take rubutawa, wanda suke kira memwar, shekara biyu ke nan tana kai, za ta kai garin Tawa a duba a ƙara mata girma. Kuma babu shi ko'ina sai cikin wannan kwamfutar, shi da hotuna da muryoyin mutanen da ta bi ƙauyuka tana ɗauka. Kayan sun yi yawa, ma'ajiyar da Sanusi ke da ita ta cika, sai ya ce gobe zai ƙetara iyaka ya sayo babba.

Da za ta tahi, ta kama hannuna da hannuwanta biyu ta ce, "Hajiya, shekaruna biyu na bar miki a ɗaki. Don Allah."

Na ce, "Haba Madam, ki kwantar da hankalinki. Ko ƙuda ba zai sauka kanta ba."

Shi ma Sanusi da zai fita washegari ya tsaya bakin ƙofa. "Yaya, kada ki taɓa su hwa."

Na ce, "Mi zan yi da su? Miya zan kaɗa?"

Bai fi awa ɗaya da fita ba waya ta shigo. Balki ce, ƙanwar maigida, daga Dogarawa. Za ta shigo kasuwa da ƙawayenta biyu, za ta kwana wurina. Duk wanda ya san Balki ya san bakinta. In ta ga yanar gizo a kusurwar ɗakinka, kafin la'asar an ji labari har Bazaga. Na juya na dubi falona. Kwamfutoci a warwatse, wayoyin caja sun cukuikuye kamar hanjin rago, kuma abin da ya fi ɓata mini rai, kowace ɗaya an manna mata wata yagaggiyar takarda a bayanta da sikoci, wato salatif, da rubutun Sanusi irin na kaza ta bi ta kan laka. Ga maiƙo, ga tabon shayi, ga tsofaffin hotunan manne da suka ƙoƙe, wata da fure, wata da ɗan ƙwallo.

Na ce a raina, ai gogewa ba taɓawa ba ce.

Na ɗauko tsumma. Na fara da ɓamɓare takardun nan ɗaya bayan ɗaya na watsa cikin kwandon shara. Inda ɗankon ya ƙi fita na ɗiga kananzir na kankare da bayan cokali. Furen nan da ɗan ƙwallon duk suka bi. Ban buɗe ko ɗaya ba, wannan kam na kiyaye (ina jin tsoron in buɗe ta yi mini magana). Da na gama sun koma sumul, baƙaƙe ƙirin suna ƙyalli. Sai na ga ai ba su dace da ƙasa ba. Na fidda kwanukan sahu biyu na kabad, na jera su ciki bayan gilas, na shimfiɗa musu ɗan leshi. Wayoyin caja kuwa na naɗe kowace kamar gammo, na zuba cikin roba na tura ƙarƙashin gado.

Da Balki suka shigo, ko gaisuwa ba ta gama ba ta tsaya gaban kabad.

"Matar yaya! Buro kika buɗe, ofis guda, ba mu da labari?"

Da na yi shiru da na tsira. Amma ina. Na gyara zama na ce, "Aiki ne muka karɓa, ni da Sanusi. Na malaman kwaleji. Ni nake shirya su, shi kuma ya sa musu sistem."

"Ke?"

"Ni mana. Ai shirin shi ne mai wuyar. Sa sistem ko yaro ya iya."

Ƙawayenta suka riƙe baki. Ɗaya ta ce wayarta tana zafi ko zan duba mata. Na karɓa, na juya ta gaba da baya, na ce ta rage yawan surutu da ita (ta yi godiya, wallahi). Ranar nan na ji daɗin kaina ƙwarai.

Bayan la'asar, su Balki sun koma kasuwa ɗauko kayansu, Sanusi ya kira. Ya ce ya samu abin da ya je nema amma hanya ta yi ruwa, zai kwana can, gobe da hantsi malaman za su zo gidana tare da diraktansu, a yi aikin gaban kowa. Sannan ya ce:

"Yaya, ki lura da yara kada su cire takardun nan na baya. Su ne aikin gaba ɗaya. Sunan kowa na jiki. Masu baƙin rubutu na kwashe kayansu, sharewa kawai ya rage. Mai jan rubutu ita ce ta Madam, ban kwashe ba. In ta ɓace cikin 'yan'uwanta na shiga uku."

Na ce, "To."

"Lahiya dai? Na ji muryarki wani iri."

"Barkono nake daka."

Na fita tsakar gida da gudu, ba takalmi. Na riga na zubar da sharar a bayan ɗakin girki, akuyarmu kuma tana kai tana kiwo. Na ture ta, na durƙusa cikin laka ina tono kamar mai neman ɗan kunnen zinariya. Allah ya taimake ni na tsinto bakwai ɗin duka. Shida lafiya, sai dai jiƙa. Ta bakwai daga bakin akuya na fizgo ta, ta riga ta cinye rabin sunan wani bawan Allah. Na shanya su kan murfin tukunya mai zafi suka bushe, suka nannaɗe.

Sai na tsaya gaban kabad, takardu bakwai a hannu, kwamfutoci bakwai a gabana, kowace kamar 'yar'uwarta. Ni da hannuna na goge duk abin da ya bambanta su.

Mai hankali a nan zai ɗauki waya ya kira ƙanensa ya ce na yi ɓarna. Magana ɗaya ce. Amma na tuna yadda zai ce, "Ban ce kada ki taɓa ba?" Na tuna Balki. Sai na zauna na yi wa kaina lissafi irin na masu ilimi. Baƙaƙen takardun ko sun sauya wuri ba komai, tunda an kwashe kayansu. Ja ɗin ce kawai matsala. To wacce ce ta Madam? Ai mace ce, kuma dattijuwa mai tsabta, wadda ta naɗe kayanta cikin zani. Kayan mace ba ya ɓuya. Na dudduba na zaɓi wadda ta fi kowace kyau, ba tsagewa, ba ƙarzuwa, gefenta sumul kamar yau aka fidda ta daga kanti. Na ce wannan ce, ba shakka. Har da jinjina wa kaina.

Saura mannawa. Sikocin ya mutu, ba ya kama komai. A gidan ba gam. Sai idona ya faɗa kan sauran tuwon rana. Na ɗan gutsura, na murza da yatsa, na shafa wa kowace takarda a baya na danna. Suka zauna daram. Na mayar da kwamfutocin kan tabarma, na warwatsa wayoyin caja yadda na same su, har na ɗan cukuikuye su don kada a gane. Da Balki ta dawo ta tambaya, na ce mata mataki na biyu na aikin ke nan.

Da hantsi Sanusi ya iso, bayansa mota ta sauke baƙi. Diraktan ne gaba, dogo mai babbar riga da biro biyu a aljihu, sai malamai maza biyar, sai Madam Rakiya. Falona ya cika. Balki ta samu kujera bakin labule ta harɗe, wai ita ma za ta ga aikinmu.

Sanusi ya durƙusa ya dubi kwamfutocin, ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, kin taɓa su?"

"Datti kawai na ɗan share daga sama."

Ya shinshina. "Kananzir nake ji."

"Sauro ne ya dame mu."

Ya ɗaga wadda akuya ta ci. "Wanga hwa? Wa ya cinye rabin Mushe Iliya?"

"Ɓera."

Aka yi dariya, shi kansa Mushe Iliya (wani gajere mai son raha) ya ce ai gara da ɓeran ya bar masa rabi. Sanusi ya ɗauki mai jan rubutu ya ajiye can gefe kan kujera, ya ce wannan sai ƙarshe. Madam ta gyara tabarau ta leƙa ta daga nesa.

"Ikon Allah. Tawa ce wannan? Ta koma budurwa. Ina furena?"

Na ce, "Hannu ne, Madam. In abu ya samu gyara ai sai ki rantse ba shi ba ne."

Ta yi mini godiya. Ta ce Allah ya yi mini albarka. Ni kuwa ban ji daɗin yadda ta daɗe tana kallonta ba.

Sanusi ya jawo ta farko cikin masu baƙin rubutu. Ya soka mata kile, ɗan abin nan kamar yatsa wanda sabon sistem ke ciki. A nan na gane wani abin da ban sani ba. Ni zatona in an kunna kwamfuta za ta fara nuna sunan mai ita ko hotonsa, kowa ya gane tasa, asirina ya rufu. Ashe in an soka kile, kai tsaye take wucewa wurin shara, ba ta gaida kowa. Rubutu ya fito, Sanusi ya karanta musu da Faransanci, ya fassara: "Tana tambaya, a share duka?" Ya danna. Wani layi ya fara tafiya a hankali daga hagu zuwa dama.

Ina tsaye ina kallon layin nan, na ce a raina, in fa lissafina bai yi ba? In wannan ce ta Madam? Bakina ya buɗe ya rufe. Ban ce komai ba. Wannan shirun shi ya fi komai ba ni kunya har yau, ya fi tuwon, ya fi ƙaryar ɓera. Na sulale kicin na ce zan dama musu fura. Ina damawa ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Azahar ta gabato, Madam ta fito tsakar gida ta karɓi buta ta zagaya bayi. Ni kuma na ɗauko kwanon fura da ludayi zan shiga. Ina bakin labule sai na ji Sanusi ya ce, "Ta biyu," ya ɗaga murfinta.

Ƙiiiiƙ.

Ni ban iya karatu ba, amma kunnena ba ya mantuwa. Ina gane babur ɗin maigida tun daga kan kwana, ina gane wace maƙwabciya ke daka daga sautin taɓarya. Wannan kukan na taɓa jin sa sau ɗaya, shekaranjiya, ina kicin ina haɗa shayi, lokacin da Madam ta buɗe tata. Sauran ba mai kuka haka. Daɗi da tsoro suka haɗu mini wuri ɗaya. Shekaru biyun Madam suna nan da rai, ba su aka share ba. Kuma ga Sanusi yana soka musu kile.

Na leƙa. Mai ita tana bayi. Maza shida suna hirar taki da tsadar albasa. Balki tana kallona tana murmushi, irin na ke ce gwanar. Rubutun nan ya fito. Sanusi ya ɗaga yatsa.

"SANUSI! Ɗauke hannunka!"

Ban san ina da murya irin wannan ba. Diraktan ya zabura har biro ɗaya ya faɗo. Ludayi ya tsalle daga kwano, fura ta bi gaban zanina. Sanusi ya tsaya da yatsa a sama kamar mai tahiya.

"Yaya, mi ya faru?"

"Ta Madam ce."

"A'a, ta Madam ga ta can, mai ja."

"Ni na sa mata jan."

Daidai nan Madam ta shigo, ruwan alwala na ɗiga daga hannunta. A gabanta, da gaban diraktan, da malamai biyar, da Balki, na ajiye kwano na faɗi komai. Tsumma, kananzir, bayan cokali, kabad, leshi, kwandon shara. Na wanke ɓera daga zargi na miƙa akuya. Sanusi ya sauke yatsansa. Ya zare kile a hankali, ya juya kwamfutar, ya sa farce ya ɗaga takardar. Wani abu fari busasshe ya biyo ta, kiyashi biyu suka fito da gudu.

"Wanga mine ne?"

Na ce, "Tuwo."

"Tuwo."

"Na shinkafa."

Mushe Iliya ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Madam kuwa ba ta yi dariya ba. Ta zauna ƙasa kusa da Sanusi ta ce, "Kunna mini ita haka nan, ɗana." Ya kunna. Na gaya muku tsofaffi ne, ba sa farkawa da wuri. Ban taɓa sanin tsawon jira ba sai ranar. Fankar cikin kwamfutar sai nishi take. Can sai ga hoton wasu yara uku cikin kayan sallah ya bayyana. Madam ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta taɓa wani wuri, rubutu ya fito shafi bayan shafi. Sai a lokacin na lura da maɓallan, duk sun goge, baƙaƙen jikinsu sun shuɗe saboda yawan bugu, gefe ɗaya ma a tsage yake. Ita ce ta fi kowace tsufa cikin bakwai ɗin. Ina zan ga haka, ni da nake neman mai ƙyalli?

"To mai ja ta wa ce?" in ji wani.

Aka kunna ta. Sunan diraktan ya fito. Ciki fayau, kamar ɗakin da ba a taɓa tarewa ba. Maɓallanta sababbi ƙal. Malaman nan kowa ya samu abin kallo a rufin falona. Diraktan ya sunkuya ya ɗauki bironsa, ya yi gyaran murya, ya ce shi mutum ne mai kula da kayan gwamnati.

Sai Balki, daga bakin labule, da murya mai daɗi kamar zuma: "Matar yaya, wanga shi ne mataki na uku?"

Nan kowa ya fashe, har Sanusi da ya yi niyyar fushi. Ni dai ina tsaye da fura a zani, ina fata ƙasa ta tsage.

Aikin da za a gama kafin la'asar sai da ya kai gab da magariba, don sai da aka kunna kowace aka tantance mai ita, wadda aka riga aka share ta zama ta wanda ya rage, aka sake rubuta sunaye. Ta Madam ita aka fara kwashewa, tana zaune ba ta motsa ba har aka gama, kuma ta sa aka zuba mata a wuri biyu. Da za su tahi na raka ta bakin ƙofa, na kasa ɗaga ido. Na ce, "Madam, ki gafarce ni."

Ta daɗe tana dubana ta saman tabarau. Ta ce, "Da kin yi shiru, da cewa zan yi injin ne ya ci, in je in yi kukana. Ba wanda zai taɓa sani." Ta gyara tabarau. "Amma furen nan, ɗiyata ce ta manna mini shi."

Na ce zan saya mata wani. Ta ce a'a, in bar shi, kada in je in manna da tuwo.

Abin da na koya kuwa, ba wai na daina goge-goge ba, wannan sai kabari. Na dai gane cewa in ka yi ɓarna, faɗinta yana da farashi kamar tumatir, da safe araha, da rana tsada. Da na faɗa a waya, mutum ɗaya ne zai yi mini faɗa, kuma ƙanena ne, ni na goye shi. Na tsaya jira, sai na biya a gaban mutum tara, ɗaya daga ciki kuma Balki ce.